Yadda Ake Naɗin Kaza Mai Garin Burodi da Kayan Ƙamshin Maroko a Gida

Tun ranar da na kai wannan kazar wajen walimar saukar ƙanwata nake shan tambaya a kanta. Wata ta ce ta gwada, abin da ta zuba a ciki ya tsiyaye cikin mai. Wata ta ce waje ya yi baƙi, ciki bai nuna ba. Wata baiwar Allah kuma cewa ta yi ta sayi komai, ta bi komai, amma da aka zo ci ɗanɗanon kazarta ta kullum ta ji, babu Maroko babu dalilinta. Duk ukun nan sun taɓa samu na. Karon farko ma baƙin maigida na yi wa, na ɗauko wuƙa na yanka a kan tire, sai ga tsakiya da sauran ja. Haka na kwashe na mayar wuta mutane na zaune suna jira, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Uwargida, girkin nan ba wuya gare shi ba, jeri gare shi. In kin tsallake mataki ɗaya ko kin kawo na baya gaba, a kasko za ki gani. Ki ware awa uku. Aikin hannun bai wuce awa ɗaya ba, sauran jira ne, kuma jiran ba a rage shi. Awon da zan bayar na tsoka huɗu ne, zai ishi mutum huɗu zuwa shida in da abin haɗawa.

1. Cefane, da inda kuɗin ke tafiya

Kazar gidan gona za ki nema, wato burola mai cikakken ƙirji. Kazar Hausa ta fi daɗi a farfesu, wannan babu musu, amma a nan ba za ta yi ba: ƙirjinta siriri ne, namanta da ƙarfi, ba ya buɗuwa balle ya naɗu. Haka ma tsohuwar kazar da ta gama ƙwai. Kowace kaza tsokar ƙirji biyu gare ta, ke nan kaza biyu kike buƙata, kowace tsoka ta kai giram 200 zuwa 250. Ya fi sauƙi ki sayi kazar sukutum ki sa mai figa ya cire miki ƙirjin ba ƙashi ba fata, cinyoyi da fukafukai su tafi miya, ƙashin ki yi romo da shi. Tsokar da aka riga aka cire aka ƙunshe a manyan kantuna ta fi tsada in kin yi lissafi.

Bayan kaza, abu uku ne ke cin kuɗi: cukun Turawa mai narkewa, man zaitun, da lauz, wato almond, ƙwayar wani itace mai kama da gyaɗa. Man zaitun cokali uku kawai ake so, kuma man gyaɗa mai kyau zai tsaya a madadinsa. Lauz kuwa soyayyiyar gyaɗa na maye gurbinsa ba tare da an yi asara mai yawa ba. Za'afaran ki bar shi. Mutanen Maroko na ji da nasu na Taliwin da ke kudancin ƙasar, amma a duniya babu kayan ƙamshin da ya kai shi tsada, kuma duk wanda ya miƙo miki babban ƙulli da araha ya ce shi ne, to ba shi ba ne. Kurkur zai ba ki launin.

Sauran: fulawa rabin kofi, ƙwai 3, burodi madaidaici guda ɗaya wanda ya kwana biyu, man suya kamar rabin lita, albasa, tafarnuwa, lemon tsami, ɗanyen ganyen koriyanda da na fasli. Kayan aiki kuma wuƙa mai kaifi, katakon yanka, leda mai tsabta, tsinken sakace, faranti uku masu faɗi, kasko mai kauri da rariya.

2. Haɗa kayan ƙamshi

A Maroko akwai haɗin da ake kira ras al-hanut, ma'ana kan shago, wato mafificin abin da mai shago ke da shi. Kowane mai kayan ƙamshi a kasuwannin Fas ko Marakesh da nasa haɗin, wani ya haura iri ashirin. In kin samu na saye mai kyau, cokalin cin abinci biyu ya wadatar. In babu, ga wanda nake yi, duk da cokalin shayi:

Kamun, wato kumin, cokali 2
Garin busasshen tattasai marar yaji, cokali 2
Garin citta, cokali 1
Kurkur, cokali 1
Ƙwayar koriyanda, cokali 1
Masoro, rabin cokali
Kirfa, rabin cokali
Kanumfari ƙwaya 3, da ɗan gurzajjen gyaɗar ƙamshi

Ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ki zuba ƙwayar kamun da koriyanda kina juyawa minti ɗaya zuwa biyu. Da kin ji ƙamshi ya taso ki juye a turmi, ki haɗa da kanumfari da masoro ki daka, sannan ki zuba masu gari ki cakuɗa. Kamun shi ne ƙashin bayan wannan ƙamshin. A Maroko har kan tebur ake ajiye shi kusa da gishiri.

Hattara: kamun in ya ƙone ɗaci yake yi, kuma ba ya gyaruwa, sai dai ki zubar ki sake. Sannan ga amsar wadda ta ce ba ta ji Maroko ba. Da na bi diddigi, ashe ta ƙara dunƙule uku, da kori, da attaruhu. Girkin Maroko ƙamshi ne da ɗumi, ba yaji ba. Ki bar kimba da daddawa da kori su huta yau. In dole sai da dunƙule, rabin ɗaya ya isa, barkono kuma a kawo shi a gefe ga mai so.

3. Garin burodi

Ki yayyanka burodin, ki shanya a rana ko ki busar a kasko da wuta can ƙasa har ya yi ƙarau, ba tare da ya canja launi ba. Ki daka sama-sama ko ki gurza a magurjin kuɓewa. Ana son kofi biyu, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ba mai laushin garin tuwo ba. Ɗan gishiri kaɗai za ki sa masa.

Hattara: kada ki zuba kayan ƙamshin nan a cikin garin burodi. Garin tattasai da kurkur saurin ƙonewa gare su a mai, su ne ke sa ɓawon ya yi baƙi ya yi ɗaci. Ƙamshi a jikin nama da cikinsa yake zama, ɓawo aikinsa rufewa. Ki kuma tuna burodinmu da sukari, don haka ya fi na kanti saurin yin ja.

4. Buɗe tsokar da bugunta

Ki wanke naman, ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta. A ƙarƙashin kowace tsoka akwai wani siririn yanki da ke reto, ki cire ki ajiye, zai yi miki amfanin faci. Ki kwantar da tsokar, ki dafa ta da tafin hannu, ki shigar da wuƙa ta gefen da ya fi kauri kina yanka a kwance, ki tsaya kafin ki ɓulla ɗaya gefen. Ki buɗe ta kamar littafi.

Ki sa ta tsakanin leda biyu, ki riƙa bugawa a hankali da abin murza fulawa ko gindin ƙaramar tukunya, daga tsakiya zuwa baki, har ta baje ko'ina kauri ɗaya, kamar kaurin fensir. Wannan bugun shi ke sa ta nuna bai ɗaya. In wani wuri ya huje, ki buga siririn yankin nan ki shimfiɗa a kai.

Hattara: ba daka ake yi ba, lallashi ne. Kuma da kin gama ki wanke katako da wuƙa da hannunki da sabulu kafin ki taɓa ganye ko cuku.

5. Jiƙa naman a sharmula

Sharmula shi ne haɗin da mutanen Maroko ke jiƙa kifi da shi, kuma yana karɓar kaza ƙwarai. Ki daka tafarnuwa ƙwaya 4 da gishiri cokalin shayi ɗaya, ki ƙara ganyen koriyanda da fasli kamar cikin hannu ɗaya, ki daka su yi laushi. Ki zuba kashi biyu cikin uku na kayan ƙamshin, da mai cokali 3, da ruwan lemon tsami cokali 2. Ki shafe kowace tsoka ciki da bai, ki rufe, ki sa a firji awa ɗaya zuwa biyu.

Hattara: kada ya kwana. Tsamin lemo yana cin naman da aka buga, ya mayar da shi lugub, in kin zo naɗi ya riƙa yagewa. In babu wuta, ki sa kwanon cikin kula da ƙanƙara. Ɗanyar kaza ba a barinta a fili fiye da awa biyu, lokacin zafi kuwa awa ɗaya ma ya yi yawa.

6. Abin da za a zuba a ciki

A nan ne mutane da yawa ke haɗa abin da ba a haɗawa. Girkin kaza na Maroko kusan gida biyu ne: akwai mai gishiri da tsami, na zaitun da lemo, akwai mai zaƙi, na albasa da zabibi da kirfa. Ki zaɓi ɗaya. In kin zuba zaitun da zabibi wuri guda, kowanne sai ya kashe ɗan'uwansa.

Mai zaitun shi ya fi karɓuwa a gidajenmu, da shi nake ba da shawara a fara. Ki soya albasa ɗaya yankakkiya ƙanana a mai kaɗan har ta yi laushi, ki zuba sauran kayan ƙamshin, ki ƙara alayyafo cikin hannu biyu wanda kika zuba wa tafasasshen ruwa kika matse shi tsaf. Ki juya har ruwan ya ƙafe. Ki sauke, ki zuba koren zaitun 10 da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka, da gurzajjen bawon lemo ɗaya. A Maroko lemon da aka tsuma cikin gishiri wata guda suke sa wa, bawonsa kawai. In kina son naki, ki tsaga lemo gida huɗu ba tare da kin raba ba, ki cika da gishiri, ki danna a kwalba ki rufe, ki manta da shi har wata. Bayan haɗin ya huce ki zuba gurzajjen mozarela, wato cukun Turawan nan mai narkewa, giram 100. Busasshen cukun nan na Nijar da ake ci da shayi ba zai yi ba, shi ba ya narkewa. Kada ki ƙara gishiri kafin ki ɗanɗana, zaitun da nasa yake zuwa.

Mai zaƙin kuwa shi ne tafaya, wadda suke ɗorawa a kan kuskus, kuma ni ita na fi so. Ki yanka albasa manya biyu siri-siri, ki zuba a man shanu cokali biyu da ɗan gishiri, wuta can ƙasa, kina juyawa jefi-jefi. Za ta saki ruwa, ta shanye, ta yi laushi, sannan ta fara komawa launin zuma. Wannan yakan ci minti 25 zuwa 30, kuma ba a gaggauta shi. Sai ki zuba zabibi cokali 3 da kika jiƙa a ruwan ɗumi, ko dabino 4 yankakku, da sauran kayan ƙamshin, da ƙarin kirfa kaɗan, da zuma cokalin shayi ɗaya. Ki bari ya kama jikinsa har in kin ja cokali a tsakiya ki ga gindin kaskon a bushe. Ki ƙara dakakken lauz ko gyaɗa cokali 3. Wannan ba ya buƙatar cuku, don haka ya fi sauƙin kuɗi.

Hattara: ko wanne kika yi, sai ya huce sarai, kuma ya zama babu ruwa a jikinsa. Haɗi mai zafi ko mai ruwa tururi yake yi a ciki, tururin ya nemi hanya, ya fasa ɓawon. Mafi yawan masu kukan tsiyaya a nan suka yi kuskure.

7. Naɗi

Ki fito da naman, ki share yawan sharmular da ke bayansa da cokali, ki ɗan tsane. Ki shimfiɗa tsoka ɗaya a kan leda, ɓangaren da aka yanka yana kallon sama. Ki zuba haɗin cokali biyu, a tsaye kamar ɗan yatsa, kusa da gefen da ke wajenki, ki bar faɗin yatsa biyu a kowane baki. Ki ɗago gefen ki rufe haɗin, ki lanƙwaso dama da hagu ciki, sannan ki ci gaba da naɗewa kamar tabarma, kina matsewa. Ki naɗe ledar a kai, ki murɗe bakin biyu kamar alawa har ya yi tauri, ki ƙulle.

Ki sa a firiza minti 30 zuwa 40, ko firji awa ɗaya. Ba daskarewa ake so ba, so ake ya riƙe siffarsa. In babu wuta, ki soke bakin da tsinken sakace uku-uku, a kwance kamar ɗinki, ki mayar cikin kula.

Hattara: zuciya za ta ce ki ƙara cokali na uku. Kada ki biye mata, abin da ya rage ki ci da burodi. Kuma ki ƙirga tsinkayen da kika soka, ki riƙe adadin, saboda yara.

8. Fulawa, ƙwai, garin burodi

Ki jera faranti uku: fulawa da ɗan gishiri, ƙwai da aka kaɗa da ruwa cokali ɗaya, sai garin burodi. Ki kwance ledar, ki mulmula naɗin a fulawa ki kakkaɓe, ki tsoma a ƙwai ko'ina ya samu, ki bari ya ɗiga, sannan ki kwantar a garin burodi kina dannawa da tafin hannu. Hannu ɗaya na busassun, ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki za su fi kazar samun ɓawo. Bakin nan biyu da layin da naɗin ya ƙare ki sake tsoma su a ƙwai da gari karo na biyu, don ta nan ake ɓarna.

Ki jera a tire ki bar su minti 15 a wuri mai sanyi. Fulawa ce ke riƙe ƙwai, ƙwai ya riƙe gari, hutun nan kuma shi ke sa su zama abu ɗaya. Wadda ta ce ɓawonta ya saɓule kamar riga, ko dai ta tsallake fulawa, ko ba ta jira ba.

9. Suya

Ki zuba mai ya kai rabin kaurin naɗin. Zafin da ake so digiri 170 zuwa 175 ne. In ba ki da ma'auni, ki jefa ɗan guntun burodi: in ya fara ƙananan kumfa nan take, ya yi ja cikin kamar minti ɗaya, man ya yi. In ya yi ja kafin ki ƙirga ashirin, ki rage wuta ki jira. In ya kwanta shiru, da saura.

Ki sa biyu-biyu, layin naɗin yana ƙasa don ya fara liƙewa. Kada ki taɓa sai bayan minti biyu, sannan ki juya a hankali da cokali biyu, ba da cokali mai yatsu ba. Duka suyar minti 6 zuwa 8 ce, har ko'ina ya yi launin zinare mai haske. Ki tsame ki ɗora a kan raga ko rariyar ƙarfe. Ki kwashe garin da ya zuba a man kafin ki sa na gaba.

Hattara: a wannan lokacin kazar ba ta nuna ba, ko da ta yi kyau a ido. Kuskuren da na yi ranar baƙin nan ke nan. Suya ɓawo take yi, gashi ne ke ƙarasa ciki. In kin ce mai ne zai nunar da ita har tsakiya, kafin nan waje ya ƙone.

10. Ƙarasawa

Ki kunna obin tun kina suya, digiri 180. Ki jera su a kan raga, tire a ƙasa, ki gasa minti 15 zuwa 20 gwargwadon kaurinsu.

In babu obin, dabarar da muke gasa kek da ita ta isa. Ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a gindin babbar tukunya, ki rufe ta yi zafi minti goma, ki ɗora ƙaramin murfi ko duwatsu uku, ki aza farantin ƙarfe da kazar a kai. Ki rufe amma ki bar 'yar kafa don tururi ya fita, in ba haka ba ɓawon zai yi laushi. Wuta madaidaiciya, kamar minti 20 zuwa 25, ki juya su sau ɗaya. In gawayi ne, ki ɗora 'yan garwashi a kan murfin.

Kaza ta nuna in tsakiyarta ta kai digiri 74. In babu ma'auni, ki ɗauki wadda ta fi kauri ki yanka ta biyu tun a kicin: naman ya zama fari har inda ya taɓa haɗin, ruwan da ke fita ya zama garau. Kurkur da tattasai za su rina wajen naman, don haka cikin tsokar za ki duba, ba samanta ba. In da alamar ja ko naman na sheƙi, ki mayar minti biyar.

11. Yanka da kai wa tebur

Ki bar su su huta minti 5 zuwa 10 a buɗe. In kin yanka da zafinsu, cukun da romon duk a katako za su ƙare. Ki zare tsinkayen ki ƙirga, sannan ki yanka a karkace da wuƙa mai kaifi, kowane naɗi gida huɗu ko biyar.

Mai tafaya da kuskus ya fi tafiya, mai zaitun kuma da soyayyen dankalin Turawa ko farar shinkafa. A gefe nakan yanka tumatir da kokwamba da albasa ƙanana, in sa gishiri da lemo da ɗan kamun. Abin dangwala kuwa kindirmo marar sukari ne da dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya ɗaya da na'a-na'a. Masu son yaji a daka musu barkono da tafarnuwa da kamun da mai, a ajiye a ɗan kwano.

In don azumi ko taro ne, ki yi har mataki na 8, ki jera a tire ki daskarar, sannan ki ƙulla a leda. Ranar amfani ki sauko da su firji tun dare su saki, kada ki jefa daskararre a mai. Wanda aka riga aka gasa yana kwana uku a firji in ba a ɗauke wutar lantarki ba, kuma a obin ko busasshen kasko ake ɗumama shi, ba a rufaffiyar tukunya ba. Man da ya rage ki bari ya huce, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki soya dankalin gobe da shi.